Sanduna Bakwai a Jidda

Sanduna bakwai ne a ƙofar otal ɗinmu,
a Jidda, inda iskar teku ke zuwa da gishiri
ta ci igiya, ta sa ƙarfe tsatsa.
Ana sallame Asuba nake fitowa
da tutoci a ninke bisa hannuwa,
kamar mai kai wa liman gugar Juma'a.

Baba Ilu ne ya koya mini aikin.
Shekara talatin da ɗaya yana jan igiyar nan,
tafinsa duk kanta.
Ya ce, "Sallau, mai gida ke fara tashi,
shi ne kuma ƙarshen kwanciya.
Koriyar nan za ka fara ɗagawa a sandar tsakiya,
ita za ka sauke bayan kowa ya sauka.
Kalmar Shahada ce a jikinta.
In santsi ya kwashe ka, ka faɗi kai kaɗai,
ita kada ta taɓa ƙasa.

Sauran shida baƙi ne.
Baƙo ba ya hawa wuyan baƙo.
Kowa da sandarsa, faɗi ɗaya, tsayi ɗaya,
a jera su yadda haruffa suka jera su,
ba yadda aljihu ya jera su ba."

Na ji da kunne.
Ran da mutanenmu suka sauka, mota uku,
son kai ya ja ni gefe:
na kai kore-fari-kore har ƙololuwa,
na sassauta wa maƙwabciyarta igiya
taki biyu kacal. Wa zai lura?
Tsohon bai yi faɗa ba.
Ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu,
ya ce, "Wa ya rasu a Yamai
da ka sa tutarsu zaman makoki?"
Ban ƙara ba.

Wata safiya kuma, da sauran barci a idona,
na kifa ta Indunusiya, fari sama, ja ƙasa.
Wata 'yar tsohuwa mai jan akwati
ta tsaya cak a ƙarƙashinta.
Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa,
ta dai riƙa juya tafin hannunta
kamar mai juya waina a tanda.
Ba ta shiga ba sai da na gyara.
Ta ba ni dabino uku.

Wadda rana ta koɗar, ko iska ta tsefe bakinta,
ba ma barin ta a sama tana bara.
Mukan sauke ta da hannu biyu,
mu ninke, mu adana,
yadda ake yi wa rigar uba.

Baba Ilu ya rasu ran Talata, cikin Safar.
Laraba na fito ni kaɗai.
Da na kai koriyar tsakiyar sanda
sai hannuna ya tsaya da kansa.
Na ji shi a bayana, har da tarinsa:
"Wannan ba ta rusuna wa mutuwa, yaro,
ko ta sarki ce. Ja."

Na ja har ta kai.
Sannan na bi shidan ɗaya bayan ɗaya,
na ja baya zuwa bakin titi,
na kare ido da hannu,
na duba ko kawunansu sun daidaita.