Faranti na Bakwai

Ƙarfe shida na safe a Samaru,
tun masu shara ba su iso ba,
na buɗe ɗakin gwaji.
Wari ne ya tarbe ni,
warin hantar da muke ciyar da su.

Shekaranjiya Ardo Ja'e ya koro karsana daga bayan Shika,
miki a gindin wutsiya, ƙuda ya yi ajiya a ciki.
Da hantsaki na riƙa zaƙulo su,
farare, ƙosassu,
kamar dafaffiyar shinkafa ta koyi rarrafe.
Karsanar ko motsi.
Ardo ne ya kau da kai.

Ashirin-ashirin na raba su a farantan gilashi.
Na farko ruwa kawai ya samu,
shi ne shaida, dole ya rayu,
in ba haka ba mutuwar sauran ba ta zama hujja.
Daga nan ɗigon magani yana ƙaruwa
har faranti na bakwai,
inda na zuba abin da kwalba ta rantse
ko kakan tsutsa ba ya kwana.

Aikin ke nan: in raine su, in kashe su, in ƙirga.
Cikin dare wuta ta ɗauke,
Tasi'u mai gadi ya tada janareta
don kada tsutsa ta ji sanyi,
shi kuwa ya kwana a benci ba mayafi.

Yanzu ina taɓa kowacce da bakin allura.
Wadda ta yi baƙi ta sandare, in ja layi a littafi.
Na uku, tara.
Na biyar, sha huɗu.
Na bakwai, sha bakwai.
Na goge tabarau, na sake ƙirgawa.

Uku suna nan.
Ɗaya ma ta hau gefen gilashi
tana ɗaga baƙin bakinta
kamar mai tambayar ina sauran abinci.

Bara wannan ɗigon bai bar ko ɗaya ba.
Na tuna kwalaben kasuwar Tudun Wada,
ana auna su da murfi, ana ƙara ruwa don su yi auki,
kowace ruga ta zama makaranta,
ƙuda kuwa ba ya fashin karatu.

Dakta Hansatu za ta ce a maimaita sau uku
kafin a buɗe baki. Gaskiyarta.
Amma ga Ardo can a gindin dalbejiya,
sanda a kafaɗa, tun asuba,
yana jiran sunan magani guda ɗaya.

Na wanke hannu har sau biyu.
Na rubuta: uku.
Ban fita ba tukuna.