Mai Riƙe Tocila

A Covilhã, a gindin dutse,
inda masaƙun ulu suka yi tsit tun tuni,
akwai gareji mai ƙofar kwano a ƙasan gidanmu.
Nan take kwance, ja, mai ƙofa biyu,
ta lafe da ƙasa kamar kyanwa ta hango ɓera.
Ta girmi ɗanmu na fari da shekara guda.

Shekara talatin da huɗu Aníbal yana gyaran injin saƙa.
Ranar da aka sa wa masaƙar kwaɗo bai ce uffan ba.
Ya shanye miyarsa ta kabeji, ya sauka,
ya yaye mata bargo.

Ni aikina tocila.
"Graciete, yi hagu. A'a, hagunki.
Kunnena kike haskawa."
Hunturu uku ina haska kunnen mutumin nan,
na san shi fiye da tafin hannuna.

Akwai wani noti a ƙarƙashin salansa
da tsatsa ta rantse ba za ta saki ba.
Ya shayar da shi kananzir, ya bar shi ya kwana,
ya lallashe shi da sufana, ya zage shi da guduma.
Asabar huɗu.
A ta biyar ya juya salin-alin, kamar bai taɓa gardama ba,
sufana ta suɓuce, ta tafi da fatar yatsu biyu.
Ya ɗago hannun yana dariya, jini da baƙin mai.
Na ce, "Ka taɓa min tawul ka gani."

Kaskona na gasa kifi ya koma tarar mai.
Kafireto ta kwana tara a teburin cin abinci,
an warware ta a kan tsohuwar jarida,
kowane ɗan sukuru da gurbinsa a kwalin ƙwai.
A tsaye muka riƙa cin abinci.
Gaskit ɗin da muka jira sati shida daga Jamus
ya iso da huda ɗaya a karkace.
Da almakashina na ɗinki ya yanka wani,
har yau ba ya cin yadi.

Telmo mai burodi yakan leƙo da gari a gira:
"Ku kai ta a auna a kilo, ku huta."
Na ce masa, "Dutsen ya nuna, Telmo,
romon muke jira."

Sai wata safiya, itatuwan ceri sun yi fari fat a kwari,
ya shiga, ya murɗa makulli.
Tari. Tari. Shiru.
Ya dafa sitiyari kamar mai taɓa goshin marar lafiya,
ya sake murɗawa.
Ƙasa ta amsa a tafin ƙafata.
Sufanu suka hau rawa a jikin bango,
tattabarun rufi suka watse,
wata tsohuwa ta buɗe taga tana tambayar wa ya mutu.

Ya buɗe ƙofa zai fito ya duba fambel.
Ƙafa ɗaya ta fito.
Sauran jikin ya ce bai san zancen ba.
Kujerar nan da tabarma duk ɗaya,
a da da tsalle guda yake barin ta.
Ya sake birki, ya sake fulogi, ya sake lagireto,
amma duk kaurin littafin kayan gyara
babu shafin gwiwa.

Ya miƙo min hannu, kunnen nan ya yi ja.
Na dubi hannun.
Na ajiye tocila a kan benci,
na zagaya, na tattare siket,
na zube kusa da shi kamar buhun dankali.

"To, yanzu wa zai fitar da mu?"
Na ce, "Sa giya. Telmo yana nan har yamma."

Mun kai kwana ta bakwai a hanyar dutse,
kuloci yana ƙauri, gashina a baki,
kafin na tuna ban kashe tocilar ba.
Tana can tana haska bango.