Agwagwar Piret

A Tallinn, a hawa na huɗu,
tun ƙarfe huɗun yamma duhu ya shimfiɗa tabarma.
Piret na gaban allo, shayinta ya huce.
Manhajar jiragen fito ta loda fasinjan jirgi biyu
cikin jirgi guda,
dare ɗaya tak a shekara, kamar mai cika alkawari.

Kwana uku tana bin sawu,
layi dubu da ɗari shida.
Ido ya je, ido ya dawo, ya ce lafiya lau.
Ido in ya saba da hanya maƙaryaci ne,
abin da ka nufa yake karanta maka,
ba abin da hannu ya rubuta ba.

Ta waiga, kujerar Valdur wayam,
ya tafi ɗauko ɗansa daga makaranta.
Sai agwagwar roba a gindin fitila,
ruwan ɗorawa, fentin baki ya goge,
wadda 'yarta ta girme wa wanka da ita.

Ta jawo ta kusa, ta gyara murya:
"Ke ba ki san komai ba, bari in faro miki daga tushe.
Jirgi na tashi duk bayan awa.
Kowanne na raɗa masa suna da ranarsa da lokacinsa,
tunda lokaci ba ya maimaita kansa,
ƙarfe ukun dare ai guda ne a..."

Ta yi tsit.

Ƙarshen Oktoba.
Daren da ake mai da hannun agogo baya,
uku ta wuce, uku ta sake sallama.

Agwagwa ba ta ce uffan ba.
Ba ta gyaɗa kai ba balle Piret ta tsallake wani wuri,
ba ta ce "na gane" don kara ba.
Ashe ranar wanka ce, cibi ya fito.

Layi biyu ta gyara. Biyu!

Valdur ya shigo, ƙanƙara a kafaɗa:
"Wa ya gano miki?"
Ta nuna da haɓa.
Ya tuɓe hula, ya rusuna wa roba.

Da za ta tashi ta jefa agwagwar a aljihun kwat.
Akwai wata magana a gida,
ba ta kwamfuta ba,
shekara biyu ke nan tana bin layinta da ido kawai.