Shaiɗanun da Na Zana a Yelwa

A Yelwa, bayan tashar kwale-kwale,
da rana ina gyaran wayoyi,
da dare ina ƙera wata ƙasa
cikin tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi.
Na zuba mata kogi, na dasa tsibirai bakwai,
na duba, babu abin tsoro a ciki.
Wasa kuwa in babu tsoro, kunu ne babu tsamiya.

Ban ce na halitta ba, Allah ya tsare bakina,
zane ne kawai da lissafi.

Na fara da 'Yan Ƙarƙashin Ruwa.
Na rubuta asalinsu a bayan rasit:
daga ƙofofin da ruwa ya ci a kulle suka fito,
kowanne da mabuɗi a wuya, babu ɗakin.
Harshensu kumfa ne,
kowace kalma sunan wata unguwa da ta nutse.
Takobi ba ya kama su.
In ka ambaci sunan garinsu daidai
sai su zauna a bakin gaɓa su yi shiru.

Sai Masu Mudu, gajeru, masu ƙaton babban yatsa,
an haife su a gindin kwanon awo da aka lotsa.
Da lamba suke gaisawa, da lamba suke zagi,
na tsara musu kalmomi ɗari da goma sha ɗaya
ban sa "ya isa" a ciki ba.
Muryarsu na ɗauko a layin masu albasa,
na juya cinikin baya, na gauraya shi
da tarin janaretan Dantani mai walda.

Labbo, ɗan yayata, shi ne ɗan gwajina.
Shekara sha ɗaya, yatsu kamar na makaɗi.
Kwana biyu ya karkashe Masu Mudu,
ya haddace sunayen nutattun garuruwa,
ya iso tsibiri na bakwai ya tsaya:
"Kawu, wanga ba shi da ƙaho?
Ba wuta, ba wutsiya, mi shika yi?"

Na ce wannan shi ne babbansu.
Ba shi da dangi, ba shi da runduna,
yana zaune a benci da murmushi da taguwa mai tsabta.
Harshensa kalma ɗaya ce.
Ka zo da makami, ya ce maka gobe.
Ka zo da kuka, ya ce maka gobe.
Lokacinka na zuba kamar gero a ɓulallen buhu
har allon ya yi baƙi ba a taɓa ka ba.

Asalinsa ne na bari babu rubutu.
Muryarsa ma na nema har bakin kasuwa,
injin niƙa bai dace ba, kukan jaki ya yi yawa,
da dare ya raba na kara bakina na faɗa da kaina.

Baba Nomau ya leƙo da fatsarsa a kafaɗa,
ya yi a'uzu, ya saurara, ya sake saurarawa,
ya ce, "Wanga dai na san shi,"
ya wuce kogi bai ƙara komai ba.

Aka ɗauke wuta. Tsibiran suka tafi.
Labbo ya yi barci a kan kwalin batura.

Da safe Hassi mai kifi ta zo karɓar wayarta,
mako uku ke nan tana cikin aljihun tebur,
ban ko kwance ta ba.
Na buɗe baki.
Labbo ya ɗago kai daga kwalin,
yana kallona yadda yake kallon allo
in ya gano inda zai sara.