Kujera Ta Tara

Wasiƙa ce ta zo da hatimin kotu,
na ɗauka tarar ajiye mota ce.
Ashe kira ne: Tanimu, zo kotun Leeds ka zauna,
kai da mutum goma sha ɗaya,
ku auna wani.

Ni da ke tura gadon marasa lafiya
daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin jinya,
ban taɓa yanke abin da ya wuce farce ba.
Shekara goma sha shida wasu ke yanke mini:
mai duba biza, mai gidan haya, mai raba aikin dare.
Na sha cewa, da ni ne a kujerarsu...
To, ga kujerar.
Ta tara daga hagu, ƙafarta ɗaya na rawa.

Yaron, Callum, shekararsa ashirin,
kwat ɗin aro ta fi ƙarfin kafaɗarsa.
An ce shi ya cinna wa shagon wani tsoho wuta.
Kyamara ta kama hula, ba ta kama fuska ba.
Tsohon ya zo da hannu a naɗe.
Uwar yaron na can baya,
tana murza tikitin bas har ya zama gari.

Aka rufe mu a ɗaki, aka karɓe wayoyi.
Shayi ya huce, ruwa na bin gilashin taga.
Misis Pritchard mai gasa burodi ta ce, "Idonsa ya nuna."
Gurdeep direba ya ce, "Ido ba shaida ba ne."
Wani na duban agogo, jirginsa na ƙarfe biyar.
Ashe haka ake yi?
Ashe waɗanda na ɗauka duwatsu ne
mutane ne masu ciwon baya da yunwar rana?

Kakata a Funtuwa takan ce
zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.
Amma ƙunar hannun tsohon ai ba zato ba ce.

Da aka ce a ɗaga hannu,
nawa ya yi nauyin jiƙaƙƙen buhun gero.
Na ɗaga.
Kada ku tambaye ni ɓangaren.

Da yamma na hau bas,
kowa ya sunkuya kan wayarsa,
ba wanda ya san abin da na taho da shi.
A gida Ladidi ta ce, "Yaya kotu?"
Na ce, "Da godiya."
Na wanke hannu sau uku,
ba don alwala ba.