Kada A Taɓa

Sun rataye shi a bango kamar ya yi laifi,
ƙusa huɗu, fitila uku a kansa,
a wani tsohon gida na Balad, nan Jidda,
mai tagogin katako da gishirin teku ya ci.
A ƙarƙashinsa ɗan farin allo,
sunana da Larabci, harafi ɗaya ya ɓata,
sai gargaɗi: kada a taɓa.

Na rufe baki da gefen mayafi.
Kada a taɓa!
Bargon da Hashimu ya jiƙa shekara biyu cur,
wanda muka ci tuwo a kansa ranar da tabarma ta mutu,
wanda na danne Inna Tabawa da shi
daren da zazzaɓi ke kaɗa ta kamar ganye.

Yarinyar mai tabarau ta ce taken baje kolin bana
shi ne Hanya.
Wata ta ɗinka titin Madina da zaren zinariya.
Wata 'yar Indunusiya ta yi jirgin ruwa,
har da kumfa, har da tsuntsaye.
Ni da nake ɗinki ban san take ba.
Na san ɗakinmu a Karantina,
na san buhun ƙyallen da tela ke ajiye mini bayan shago,
da allurar da nake gogawa a ka in ta ƙi shiga.

Wancan saƙin na tsakiya
daga Kura ya fito, ɗaure a ƙugun Inna.
Shekara bakwai yana tafe.
Ya tsinci auduga a Jazira,
ya jira jirgi a Sawakin har ya gaji da jira,
ya iso nan shuninsa ya koma toka.
Farin da ke gefe haramin Malam ne.
Mai shi bai koma gida ba,
shi ma bai koma ba.
Koren kuwa,
wallahi na manta.
Rami ne ya buɗe, na toshe.

Wani mai ƙanshin turare ya daɗe a tsaye,
hannu a baya, kai a karkace.
Ya ce, Hajiya, layin nan da ya kauce,
ƙaura yake nufi?
Na ce zare ne ya ƙare mini,
na warware bakin buhun shinkafa na ci gaba.
Ya gyaɗa kai a hankali.
Ya rubuta a littafinsa.

Sun yaba gaba.
Bayan kuwa sun ba bango ya kalla:
ƙulli kan ƙulli, kalmasar da na yi ina gyangyaɗi,
ɗigon jinin yatsa da Omo ya kasa,
wurin da na farke sau uku don fushi.
In da ni ce mai gidan nan
da baibai zan rataye shi.

Da aka kira isha'i ɗakin ya watse,
mai gadi ya tuɓe takalmi ya fuskanci gabas ɗinsa.
Na matsa.
Na zura hannu ta kusurwar hagu, can ƙasa,
inda Inna ta sa na ɗinke mata guzurin komawa.
Yana nan.
Kobo ɗaya mai huji,
kuɗin ƙasar da ta daina karɓarsa
tun ban yi haƙori ba.
Na murza shi ta cikin yadin
kamar kunnen yaro mai barci.

Sai ƙarshen wata za su ba ni abina.
Yau da bargon kanti zan kwana,
mai hoton damisa, mai warin leda,
wanda bai san kowa ba a gidanmu.