Ramukan Kuza

Kakana ya haƙa kuza a Bukuru,
kwano a ka, laka har gwiwa.
Da masu injin suka cika taragonsu suka tafi,
ramuka suka bar mana, ruwa ya cike su,
har yau muna hana yara zuwa bakinsu.

Ni saƙa na gada, ba haƙa ba.
Rigunan sanyi, hulunan jarirai, safa ruwan toka.
Shekara huɗu ina jingina waya da gwangwanin madara
a ɗakina na Gangare,
ina nuna wa duniya yadda kwarashi ke ɗaukar zare.
Dubu goma sha biyu wai suna biye da ni.
Ban san fuskar ko goma ba.

Wani dare cikin Agusta, ruwa na dukan kwano,
yatsana ya ci karo da ƙullutu a hammata.
Ban tashi kowa ba.
Na ja bargo har ka,
na tambayi babban dandali cikin raɗa,
na kalli likitoci bakwai, na goge, na kwanta.

Da safe Walida na kallon zomonta mai magana,
koko na hucewa a gabanta.
Ta ce, Mama,
me ya sa wayarki ke ta zancen ciwon daji?

Abin da ban faɗa wa mahaifiyata ba,
abin da ban gama faɗa wa kaina ba,
an riga an auna shi a mudu,
an sayar wa mai garin magani da mai asibitin ƙetare.

A Lamingo likita ta murza wurin, ta yi dariya:
kaluluwa ce, je ki sha wannan.
Dandali bai ji likita ba.
Wata uku yana yi mini tallan tsorona.

Davou, ɗan maƙwabciyarmu mai awara,
yana da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado
da batirin mota guda biyu.
Ya ce, Anti, kawo bidiyonki nan.
Ba talla, ba mai ƙirga numfashinki,
sai dai in hadari ya kwana uku, sola ta gaza,
mu ma mun kwanta.

Kwana biyar muna kwashe kaya,
kamar mai tashi daga gidan haya da dare.
Kuɗin da suke ɗan yafa mini duk wata
shi ke sayen gas.
Na san da haka na danna.

Yanzu masu kallona ashirin da uku ne.
Akwai Kaneng ta Vom, mai saƙa da hagu,
akwai wata malama a Bauchi da ke gyara mini ƙirga,
akwai wanda bai taɓa cewa komai ba,
ban kuma san ko waye ba,
haka ya fi.
Hoton kan tsaya, bakina a buɗe, zare a iska,
sai su jira.

Jiya na koma gawayi.
Na wuce ta bakin ramin kakana da yamma,
ruwan kore shar, shiru,
wani yaro na wanke babur a gefe.
Waya na aljihuna, ba ta ce komai ba.
Na isa gida, na ƙarasa hannun riga.